DARASI NA GOMA SHA BIYU: SABON ƊAN TAKARA DA TSOHON ƊAN MAJALISA A ZAƁEN FID DA GWANI

Gabatarwa

Yawancin ɗaliban da ke koyon Hausa a ƙasashen waje sukan fara cin karo da kalmomin siyasa ne a bakin masu karanta labaran duniya a gidajen rediyo. Manufar wannan darasi ita ce ɗalibi ya naƙalci waɗannan kalmomi, ya kuma ga yadda ake amfani da su wajen bayyana abin da ya faru a wata ƙasa wadda ba ta Hausawa ba. An gina nassin a kan wani zaɓe da aka yi a jihar New York ta Amurka a shekarar 2020. A karanta shi sau biyu, da farko a zuci, sa'an nan da babbar murya, kafin a shiga sauran sassan darasin.

Nassi

Majalisar Dokokin Amurka ta kasu kashi biyu: Majalisar Dattawa mai kujeru 100, da Majalisar Wakilai mai kujeru 435. Ana zaɓen ɗan Majalisar Wakilai bayan kowace shekara biyu, kuma tsarin mulkin ƙasar bai ƙayyade masa yawan wa'adin da zai yi ba. Muddin mutanen mazaɓarsa suna son sa, yana iya tsufa a kan kujerar. Kafin babban zaɓen watan Nuwamba, kowace jam'iyya takan yi zaɓen fid da gwani domin ta tsai da wanda zai riƙe mata tuta. A mazaɓun da jam'iyya ɗaya ta yi kaka-gida, wannan zaɓe na cikin gida shi ne ainihin fafatawar, domin duk wanda ya sami tikiti, to, kusan ya riga ya hau kujera.

Kayar da wanda ke kan kujera abu ne mai wuya ainun. A yawancin zaɓuɓɓukan da aka yi a 'yan shekarun nan, fiye da kashi 90 cikin 100 na wakilan da suka sake neman kujerunsu sun koma majalisa. Dalilan haka a fili suke. Mai riƙe da kujera sunansa ya riga ya shiga kunnen jama'a. Masu hannu da shuni da ƙungiyoyi sun fi sakin kuɗinsu ga wanda suka tabbata zai ci. Yana da ofis da ma'aikatan da ke share wa mutanen mazaɓa hawaye a kan matsalolin fansho da takardun zama ƙasa. Bugu da ƙari, manyan jam'iyya ba su cika juya wa nasu baya ba. A shekarar 2020, wakilai takwas ne kacal suka rasa tikitin jam'iyyunsu a duk faɗin ƙasar. Ɗaya daga cikinsu shi ne Eliot Engel.

Engel ɗan jam'iyyar Dimokurat ne, ya kuma shiga Majalisar Wakilai a shekarar 1989. Kafin ya tsunduma cikin siyasa malamin makaranta ne a birnin New York. A shekarar 2020 yana cikin wa'adinsa na 16, yana kuma shugabantar kwamitin harkokin waje na majalisar. Mazaɓarsa, wato mazaɓa ta 16, ta haɗa arewacin unguwar Bronx da kudancin gundumar Westchester, inda garuruwan Yonkers da Mount Vernon da New Rochelle suke. Mazaɓa ce da ta tara talakawa da attajirai, baƙar fata da farar fata, 'yan ƙasa da baƙi.

Mutum huɗu suka fito neman ƙwace wannan tikiti. Wanda ya fi jan hankali a cikinsu shi ne Jamaal Bowman, baƙar fata, wanda aka haifa a shekarar 1976. Shi ma malami ne: a shekarar 2009 ya kafa wata ƙaramar makarantar sakandare ta gwamnati a Bronx, ya shugabance ta har shekara goma. Bai taɓa riƙe wani muƙamin siyasa ba. Ƙungiyar Justice Democrats ce ta mara masa baya, wato ƙungiyar nan da ta tsaya wa Alexandria Ocasio-Cortez sa'ad da ta kayar da Joe Crowley a shekarar 2018.

To, amma yawan masu neman kujerar shi kansa matsala ne gare su. Dokar New York ba ta ce sai ɗan takara ya sami fiye da rabin ƙuri'u a irin wannan zaɓe ba. Wanda ya fi kowa ƙuri'a shi ya ci, ko da da ɗan ƙaramin rinjaye ne. Wannan ya sha bamban da jihohi irin su Georgia da Texas, inda ake zuwa zagaye na biyu idan babu wanda ya haura rabi. Saboda haka idan masu adawa suka yi yawa, sai su yayyaga ƙuri'un masu son canji a tsakaninsu, mai kujera kuwa nasa na nan a dunƙule. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wani ɗan takarar, Andom Ghebreghiorgis, wanda manufofinsa suka yi kusa da na Bowman, ya fahimci wannan lissafi. A ranar 1 ga Yuni ya janye, ya nemi magoya bayansa su zaɓi Bowman. Ko da yake sunansa bai fita daga takardar ƙuri'a ba, janyewar tasa ta sa fafatawar ta zama ta mutum biyu a idon jama'a.

Ana cikin haka sai abubuwa biyu suka raunana Engel. Na farko, garin New Rochelle na cikin wuraren da annobar korona ta fara yi wa illa a Amurka, amma a watan Mayu mujallar The Atlantic ta ba da rahoton cewa wakilin nasu yana zaune ne a gidansa da ke jihar Maryland, kusa da Washington. Na biyu ya faru ne a ranar 2 ga Yuni, lokacin da ƙasar ke cikin zanga-zanga a kan kisan George Floyd. A wani taron manema labarai a Bronx, Engel ya roƙi mai jagorantar taron ya ba shi dama ya yi jawabi, yana cewa da ba don zaɓen fid da gwani da ke gabansa ba, da bai damu ba. Ashe makirufo a kunne take. Kafin gari ya waye maganar ta bazu ko'ina. Daga baya ya yi bayanin cewa nufinsa shi ne jama'a su san matsayinsa a kan lamarin, amma magana zarar bunu ce.

Daga nan sai manyan jam'iyya suka rabu gida biyu. Hillary Clinton da Nancy Pelosi, wadda ke shugabantar majalisar a lokacin, sun goyi bayan Engel. Hujjar wannan ɓangare ita ce, daɗewa a majalisa ƙarfi ne: tsohon wakili ne ke shugabantar kwamiti, shi ne kuma ya san ƙofofin da ake ƙwanƙwasawa a kawo wa mazaɓa aiki. Sanata Bernie Sanders da Sanata Elizabeth Warren da Ocasio-Cortez kuwa sun bi Bowman, haka ma jaridar New York Times. Su kuma cewa suka yi ƙarfin da ba ya zuwa gida a ranar wuya ba shi da amfani ga masu gida.

An kaɗa ƙuri'a ranar 23 ga Yuni. Da yake mutane da yawa ta gidan waya suka aika da ƙuri'unsu saboda annoba, ƙidayar ta ɗauki makonni, sai a tsakiyar watan Yuli aka tabbatar da sakamako. Bowman ya sami wajen kashi 55 cikin 100, Engel kuma wajen kashi 41.

Domin a ga muhimmancin janyewar nan, sai a dubi abin da ya faru a mazaɓa ta 12 ta jihar a wannan rana. Carolyn Maloney, wadda ta shiga majalisa a shekarar 1993, ta fuskanci 'yan takara uku, babu kuma wanda ya janye wa wani. Ta sami wajen kashi 43, mai bi mata Suraj Patel ya sami wajen kashi 39, sauran biyun suka raba ragowar. Fiye da rabin masu zaɓe ba su zaɓe ta ba, amma ita ta riƙe tikitin.

Bowman ya shiga majalisa a watan Janairun 2021, sai dai bai daɗe ba. An sake shata iyakokin mazaɓar a shekarar 2022, yawancinta ya koma Westchester. A shekarar 2024 George Latimer, shugaban gundumar Westchester, ya ƙalubalance shi. Matsayin Bowman a kan yaƙin Gaza ya sa ƙungiyar AIPAC mai goyon bayan Isra'ila ta kashe miliyoyin daloli don ganin bayansa, Latimer kuma ya zarge shi da yin sakaci da mazaɓa, wato irin zargin da shi ma ya yi wa Engel. Latimer ya yi nasara da wajen kashi 58 cikin 100. Hausawa dai sun ce duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya.

Kalmomi da Ma'anoninsu

Zaɓen fid da gwani: zaɓen da jam'iyya ke yi a cikin gida don tsai da ɗan takararta. A Nijeriya akan ji mutane suna kiran wanda dukkan 'yan jam'iyya ke shiga da sunan 'yar tinƙe ko ƙato-bayan-ƙato, saboda yadda masu zaɓe ke yin layi a bayan wanda suke so.

Mazaɓa: yankin da wakili ɗaya ke wakilta. Jam'i: mazaɓu.

Wa'adi: tsawon lokacin da doka ta ɗiba wa mai muƙami.

Tikiti: a nan ba takardar shiga mota ake nufi ba, izinin tsayawa takara ne da sunan jam'iyya.

Yi kaka-gida: kafu a wuri har ya zama da wuyar tumɓukewa.

Masu hannu da shuni: masu dukiya.

Share hawaye: biya wa mai kuka bukatarsa.

Mara baya: goyon baya. A lura da tsarin jimlar: ta mara masa baya, sun mara mata baya.

Ganin bayan wani: kawar da shi daga inda yake.

Magana zarar bunu ce: karin magana ne, kamar yadda ba a iya mai da bunun da aka zare daga jinka, haka ba a iya janye maganar da ta riga ta fita.

Nahawu

1. Aikatau mai ɗaukar “da”. Akwai aikatau da ke nuna cewa wani ne ya sa abu ya faru, kuma “da” kan biyo bayansa kafin karɓau. Wasu daga cikinsu suna da doguwar siga da gajera: fitar da ko fid da, tsayar da ko tsai da, mayar da ko mai da, kayar da ko ka da. A kwatanta waɗannan: Ɗan takara ya tsaya. Jam'iyya ta tsai da ɗan takara. A jimla ta farko shi ya yi aikin da kansa, a ta biyu kuwa jam'iyya ce ta sa. Idan karɓau wakilin suna ne, sai a yi amfani da shi, ita, su: sun kayar da shi, ba a cewa sun kayar da sa.

2. Sharaɗin da bai auku ba. Ana gina shi da “da” mai dogon wasali a farkon sassan jimla biyu: Da Patel ya tsaya shi kaɗai, da wataƙila sakamakon ya canja. Idan dalilin suna ne, sai a ce “da ba don ... ba”: Da ba don annoba ba, da an gama ƙidaya da wuri.

3. Ɗan, 'yar, 'yan. Ana haɗa su da suna don nuna sana'a ko asali ko ƙungiya: ɗan takara, 'yar takara, 'yan takara, ɗan majalisa, 'yar majalisa, 'yan majalisa.

Tambayoyi

1. Me ya sa zaɓen fid da gwani ya fi babban zaɓe muhimmanci a wasu mazaɓu?
2. Kawo dalilai uku da ke sa kayar da mai riƙe da kujera ya yi wuya.
3. Wane bambanci ke tsakanin dokar New York da ta Georgia?
4. Ta yaya sakamakon mazaɓa ta 12 ya ƙara fito da ma'anar abin da ya faru a mazaɓa ta 16?
5. Bayyana dangantakar kowane karin magana da ke cikin nassin da wurin da aka kawo shi.

Aiki

(a) Mai da waɗannan jimloli zuwa sharaɗin da bai auku ba: Ya janye, shi ya sa abokinsa ya ci. Makirufo a kunne take, shi ya sa aka ji maganarsa.

(b) A rabu gida biyu a aji, ɓangare ɗaya ya kare ra'ayin cewa da tsohuwar zuma ake magani, ɗaya kuma ya kare buƙatar sabon jini a majalisa.

(c) Rubuta sakin layi biyu a kan yadda jam'iyyu ke tsai da 'yan takara a ƙasar da kake zaune, ka yi amfani da aƙalla kalmomi biyar daga cikin waɗanda aka bayyana a sama.