Darasi Na 14: Fita Nema Da Kasuwancin Kawo-Wani

Ɗalibai, kun sha jin Hausawa suna cewa, "Zomo ba ya kamuwa daga zaune." Abin da ake nufi shi ne, mai son samun abu dole ya tashi ya nema. Mutum yakan ji daɗin wurin da ya saba: unguwarsu, abokansa, da aikin da ya iya tun yana yaro. Amma da wuya ya ƙaru da wani abu sabo muddin bai fita daga nan ba. Ku kanku shaida ne, domin ba da Hausa kuka tashi ba. Wanda ya taɓa tsayawa a Kasuwar Wunti ya taya tumatir da Hausa a karo na farko, ya san yadda gabansa ya faɗi. Wataƙila an yi masa dariya. Duk da haka ya koma gida da tumatir, da kuma kalmomi biyu ko uku waɗanda bai sani ba da safe.

A nan Bauchi muna da babban misali. Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda kabarinsa yake cikin garin nan, ya bar gida yana saurayi ya tafi Kwalejin Katsina a 1928. Ya dawo ya koyar a makarantar Midil ta Bauchi. A 1945 ya sake barin inda ya saba, ya tafi London ƙaro ilimin koyarwa. A 1957 ya zama Firayim Ministan Nijeriya. Ku lura, duk fitar da ya yi akwai abin da ya je nema, kuma ya dawo da shi a hannu.

Na kawo wannan ne saboda akwai masu aron irin wannan magana su ja matasa zuwa wani wuri dabam. Kwanakin baya wata tsohuwar ɗalibata ta gayyace ni taro a zauren wani otal. Na je don kada ta ji ba daɗi. Wani saurayi sanye da kwat ya riƙe lasifika yana cewa, "Ku daina jiran albashi! Ku fito daga inuwar gida! Tsoro ne ya hana ku arziki!" Aka nuna hotunan motoci, aka yi ta tafi. Rabin maganarsa gaskiya ce, kuma wannan ne ya sa take da haɗari. Abin da yake tallatawa shi ne kasuwancin kawo-wani.

Ga yadda ake yin sa. Kamfani yana da kaya, kamar sabulu, man shafawa, shayi ko maganin ƙarin lafiya. Ba ya kai su kanti. Sai mutum ya biya kuɗin rajista, ya sayi kayan farawa, a ce ya zama wakili. Daga nan yana da hanya biyu ta samun kuɗi. Ta farko, ya sayar da kayan ya ci riba. Ta biyu, ya kawo wasu mutane su yi rajista a ƙarƙashinsa, a riƙa ba shi la'ada a kan abin da suka saya. Su ma waɗannan za su kawo wasu, la'ada tana hawa sama. A wajen taro, hanya ta biyu ake yi wa kirari.

Yanzu ku ɗauko alƙalami mu yi lissafi, domin a nan maganar take. A ce an nemi kowane wakili ya kawo mutum 5. A mataki na farko akwai mutum 5. A na biyu akwai 25, a na uku 125, a na huɗu 625. Har yanzu abin bai ba da tsoro ba, ɗaliban makaranta ɗaya ma sun isa. Amma ku ci gaba da ninkawa. Mataki na 8 shi kaɗai yana buƙatar mutum 390,625. Idan aka haɗa su da duk waɗanda ke samansu, an sami 488,280. A ƙidayar 2006, mutanen ƙaramar hukumar Bauchi gaba ɗaya ba su cika 500,000 ba, har da jarirai da tsofaffi. Kafin a kai mataki na 12 kuwa, ana neman fiye da mutum miliyan 244, wato sama da duk mutanen Nijeriya.

Abin ya yi kama da dalar gyada irin ta Kano ta da: buhu kaɗan a sama, buhuna masu yawa a ƙasa suna ɗauke da nauyin. Ku raba 390,625 da 488,280, za ku ga kashi 80 cikin 100 ne. Ke nan a duk ranar da sababbin shiga suka ƙare, mutum huɗu cikin kowane biyar ba su da kowa a ƙarƙashinsu. Sun biya, ba mai biyan su. Ko da kowannensu ya fi kowa ƙwazo, lissafin ba zai canza ba. Shi ya sa nake jin haushi idan na ji ana gaya wa wanda ya faɗi cewa lalaci ne ya kayar da shi.

To, me zai hana wakili ya dogara ga hanya ta farko, wato sayar da kaya? Kayan sukan yi tsada, saboda a cikin farashin kowane kwali akwai rabon duk wakilan da ke sama. Uwar gida da za ta sami sabulu mai kyau da araha a Kasuwar Muda Lawal ba za ta ninka kuɗi don ta faranta wa wakili rai ba. Ta yiwu ta saya sau ɗaya saboda kunya. Masu sayen farko dangi ne da maƙwabta, kuma dangi suna da iyaka. Ga shi wasu kamfanonin sun sa sharaɗin sai wakili ya sayi kaya na wani adadi kowane wata kafin ya ci gaba da karɓar la'ada. A hankali sai ya zama shi ne ainihin mai sayen. Ɗalibar nan tawa ta nuna mini kwalaye jibge a ƙarƙashin gadonta. Abin da ya fi damun ta ba kuɗin ba ne. Ƙanwar mahaifiyarta, wadda ta sa ta sayar da akuya ta shiga, ta daina amsa gaisuwarta.

Ba kowane kamfani irin wannan ne ya saɓa wa doka ba, kuma akwai masu kaya na gaske. Sai dai ko manyansu sun sha tuhuma. A 2016 kamfanin Herbalife ya amince ya biya dala miliyan 200 bayan hukumar kula da ciniki ta Amurka ta bincike shi, aka kuma tilasta masa ya riƙa biyan wakilai bisa ainihin kayan da aka sayar wa masu amfani da su.

Akwai kuma ɗan'uwan wannan kasuwanci wanda ba shi da kaya ko ɗaya. Ku tambayi iyayenku labarin MMM, wanda wani ɗan Rasha mai suna Sergei Mavrodi ya ƙirƙiro. An yi wa mutane alkawarin ribar kashi 30 cikin 100 a wata guda, alhali kuɗin sababbin shiga ake ba tsofaffi. Babban Bankin Nijeriya ya yi gargaɗi, ba a ji ba. A watan Disamba na 2016 aka rufe asusun mutane. Daga baya hukumar inshorar ajiyar banki, NDIC, ta ce mutum kusan miliyan 3 sun yi asarar naira biliyan 18. Kada ku haɗa wannan da adashe. A adashe mata goma sun san juna, abin da aka zuba shi ake kwashewa, ba wanda ya yi wa wani alkawarin riba.

Idan aka gayyace ku irin wannan taro, ba laifi ku je. Amma ku yi abin da ya fi tafi wuya: ku ɗaga hannu ku yi tambaya. Daga ina kuɗin yake fitowa, daga masu sayen kaya ko daga masu rajista? Wanda ba wakili ba ne, zai sayi kayan nan a wannan farashi? In kayan suka ƙi sayuwa, kamfani zai karɓe su ya mayar da kuɗi? Nawa wakili na ƙasa yake samu a wata, bayan an cire kuɗin mota da na kati? Ni na yi tambaya ta ƙarshen nan a zauren otal ɗin. Saurayin ya yi murmushi ya ce, "Malam, masu yawan tambaya ba sa arziki." Sai ya kira mai hoto na gaba.

Ma'anar Kalmomi

taya: faɗin kuɗin da mai saye yake so ya biya
la'ada: ɗan kason da ake ba wanda ya haɗa ciniki
ƙwazo: himma da ƙoƙari a wajen aiki
adashe: tara kuɗi tsakanin mutane, kowa ya kwashe idan layinsa ya zo

Aiki

1. Idan kowane wakili zai kawo mutum 3, mutum nawa ake buƙata a mataki na 6? Ku rubuta amsar da kalmomin Hausa.
2. Ku bayyana bambancin adashe da MMM a cikin jimla uku.
3. Ku yi hira da wani mai sana'a a unguwarku, tela ko makaniki ko mai ƙosai. Ku tambaye shi da Hausa yadda ya fara, sannan ku karanta wa aji abin da ya ce.