Kada yaro ya zube a hanya: shawarwari ga iyayen Zongon Lome

Tun 2008 gwamnatin Togo ta soke kuɗin makarantar firamare a makarantunta. Duk da haka yaranmu na Agoè-Zongo suna barin karatu, kuma galibi a wurare ƙalilan ne da aka sani suke tuntuɓe. Ga su nan.

1. Takardar haihuwa ita ce gaba da komai. Yaro zai shekara biyar a aji babu mai matsa masa, sai ya kai CM2, ajin ƙarshe na firamare, ana rubuta sunayen masu jarrabawar gama firamare ta CEPD a ce ina takarda. Doka ta ba da kwana 45 bayan haihuwa, kuma tun 1 ga Janairun 2022 kyauta ake yin ta. Saboda haka da an watse daga taron suna, maigida ya nufi ofishin magajin gari kafin naman rago ya ƙare. Wanda ya bari wa'adi ya wuce sai ya bi ta kotu, da kuɗi da jeka-ka-dawo. A kuma duba yadda aka rubuta sunan tun a wurin: idan takarda ta ce Mahamadou, makaranta ta ce Mohamed, rigima na jiran yaron ranar jarrabawa. Ɗan riƙo da aka kawo daga Nijar, Najeriya ko Sokode, a taho da takardunsa tare da jakarsa.

2. A san tsanin. Firamare shekara 6 ce, daga CP1 zuwa CM2. Kwaleji shekara 4, ta ƙare da jarrabawar BEPC. Lise shekara 3, kuma a Togo jarrabawar BAC kashi biyu ce: na ɗaya a shekara ta biyu, na biyu a ajin ƙarshe. Wanda bai ci na ɗaya ba ba ya wucewa.

3. A yi haƙuri da ɗan CP1. Hausa yake ji a gida, yaren Mina a titi, ga malam da Faransanci zalla. Shirunsa na watannin farko ba daƙiƙanci ba ne. A sa yayarsa ko yayansa su riƙa bi da shi abin da ya kwafo a allonsa kowane dare, ko na minti kaɗan. Wasu iyaye kan daina yi wa yara Hausa wai don Faransanci ya zauna. Ni dai ban ga abin da hakan ke haifarwa ba sai yaron da bai iya gaida kakarsa ba.

4. A zauna da malamin allo a tsara lokaci tun a Satumba, kada a bar yaro ya zaɓa da kansa. Lokacin jarrabawa, a roƙi malam ya sassauta.

5. Babbar hanya mai lamba 1, wadda manyan motoci ke bi daga tashar jiragen ruwa zuwa Burkina Faso, ba wurin tsallakawar ƙaramin yaro shi kaɗai ba ne. Gidaje makwabta su haɗa yaransu, babba ya ja gaba.

6. Tun 2017 akwai inshorar lafiya ga ɗaliban makarantun gwamnati, wadda aka fara da sunan School Assur. A tambayi darakta ko sunan yaro na ciki da asibitin da ake zuwa, tun kafin zazzaɓi ya zo.

7. Bayan BEPC ne muke asarar da yawa. Uba ya ga ɗansa ya iya lissafi da Faransancin ciniki, sai ya ce ya isa, a zo shago. Alhali a nan ne hanya ta rabu: A4 ta adabi da harsuna, C da D na lissafi da kimiyya, sai ɓangaren fasaha irin na makarantar Adidogomé, inda sashen G2 ke koyar da lissafin kuɗin kasuwanci, F3 kuma aikin lantarki. Ɗan kasuwar da ke biyan wani ya cika masa takardun kwastan da na haraji ya kamata ya fi kowa ganin amfanin G2. Yarinya ma haka. Kada talla ko maganar aure ta cinye mata shekarar BEPC.

8. Idan aka kira taron iyaye, a je, ko da Faransancin bai nuna ba; a tafi da maƙwabcin da zai fassara. A can ake yanke kuɗin da za a tara na benci da gyaran aji, kuma wanda bai je ba shi ma zai biya.