Kalmar "Digest": Ma'anarta da Matsalar Fassara Ta

Gabatarwa

Manufar wannan ɗan nazari ita ce a dubi kalmar Ingilishi "digest", wadda takan rikita ɗalibai a darasin fassara, domin tana ɗauke da ma'ana fiye da ɗaya.

Asali da Ma'ana

Kalmar ta samo asali ne daga Latin, daga aikatau "digerere", wato rarrabawa ko tsara abu kashi-kashi. Daga wannan tushe ne ma'anoni uku suka tsiro. Ta farko ita ce narkar da abinci a ciki, har jiki ya tsotsi amfaninsa. Ta biyu kuwa aro ce daga ta farko: mutum ya juya labari ko karatu a zuciya har ya zauna masa. Ta uku suna ce, ana nufin taƙaitaccen rubutu da aka tsamo daga masu yawa. Alal misali, haka ake kiran kundin dokokin Rumawa da Sarki Justiniyan ya sa aka harhaɗa a shekarar 533, haka kuma mujallar Reader's Digest da aka fara bugawa a Amurka a 1922.

Wajen furuci ma akwai bambanci. In aikatau ce, gaɓa ta biyu ake ƙarfafawa. In suna ce, ta farko. Wannan ya yi kama da yadda karin sauti ke raba kuka na hawaye da kukar miya.

Matsalar Fassara

Ma'ana ta farko ba ta da wuya, "narkar da abinci" ya wadatar. A ta biyu ne ake tuntuɓe. Mai fassarar da ya ce majalisa tana narkar da rahoto ya ɓatar da mai sauraro, domin a kunnen Bahaushe abin da ya narke ya ɓace ke nan. Daɗin daɗawa, "tauna" da "haɗiye" ba su cike gurbin ba: ana tauna magana ne kafin a furta ta, ana kuma haɗiye fushi don a danne shi. Abin da ya dace shi ne a ce majalisa tana nazarin rahoton.

Kammalawa

Ashe kowane harshe da irin hoton da yake zanawa da abinci. Don haka wajibi ne mai fassara ya fara tantance ma'anar da jimla ke nufi, sannan ya nemi yadda Bahaushe ke faɗinta.