Amsoshin Tambayoyinku: Ina Labarin Gasar Pot Black?

Wani mai sauraronmu daga Kano yana so ya ji tarihin gasar sinuka ta Pot Black, da dalilin da ya sa ba a jin ɗuriyarta yanzu.

To malam, gidan talabijin na BBC2 a Ingila ne ya ƙirƙiro gasar a shekarar 1969, lokacin da David Attenborough yake shugabantar tashar. A sa'ilin an fara nuna hoto mai launi, ana neman shirin da zai fito da kyansa. Sinuka kuwa ga koren teburi, ga ƙwallaye ja da rawaya da shuɗi, sai abin ya dace.

'Yan wasa 8 ne suka fara karawa, Ray Reardon ya doke John Spencer ya ɗauki kofin farko. A farko zagaye ɗaya tak ake yi a kowace karawa, kuskure guda sai ya kayar da gwani. Gaskiya wannan gasar ce ta shigar da sinuka gidajen mutane.

Da manyan gasa suka mamaye talabijin, sai aka dakatar da ita a 1986. An farfaɗo da ita daga 1991 zuwa 1993, aka sake daga 2005 zuwa 2007, inda Ken Doherty ya ci ta ƙarshe. Da fatan ka gamsu, malam.