Malam-Buɗe-Littafi Na Sararin Sama Da Kuzar Bukuru

Duk wanda ya tsaya a kan tudun Bukuru da asuba cikin watan Maris, ya fuskanci kudu, zai ga jerin taurarin nan da ake kira Kunama. Kusa da wutsiyarta akwai wani gajimare wanda ido ba ya iya gani sai da madubin hangen nesa. Masana sun ba shi lamba NGC 6302, amma saboda siffarsa sai aka yi masa laƙabi da Malam-buɗe-littafi.

Wannan gajimare ba na ruwa ba ne. Iskar gas ce da ƙura waɗanda wani tsohon tauraro ya fesar sa'ad da makamashinsa ya ƙare. Tauraro irin ranarmu idan ya tsufa yakan kumbura ya yi ja, sa'an nan ya zubar da ɓawonsa na waje. Ƙwayar da ta rage a tsakiya tana da tsananin zafi, haskenta ne ke sa gajimaren walƙiya.

Wani Bafaranshe mai suna Charles Messier shi ya fara ganin gajimare irin wannan a shekarar 1764. Masu binciken farko sun ga waɗansunsu a kewaye kamar duniyoyin da ke zagaya rana, shi ya sa suka kira su gajimare mai kama da duniya, ko da yake ba abin da ya haɗa su. A 1864 William Huggins na Ingila ya rarrabe hasken ɗaya daga cikinsu, ya tabbatar cewa gas ne. Shi kuwa na wutsiyar Kunama, Edward Barnard na Amurka ya yi bayaninsa a 1907.

To, me ya ba shi fukafukai biyu? Akwai zoben ƙura mai kauri da ya ɗaure tsakiyarsa kamar ɗamara. Da gas ya taso daga tauraron bai sami hanya ta wajen zoben ba, sai ya ɓulle ta ɓangarori biyu masu juya wa juna baya. Zoben nan ya ɓoye tauraron ƙwarai. Zafin fuskarsa ya kai awo 200,000, alhali na rana bai cika 6,000 ba. Nisansa kuwa, haske mai gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya yakan yi shekara wajen 3,400 kafin ya iso mana.

Mai karatu zai ce, ina ruwan mutumin Bukuru da wannan? Ruwansa kuwa babba ne. A 1952 Paul Merrill ya gano wani ƙarfe mai saurin lalacewa a hasken tsofaffin taurari, watau shaida ce cewa a cikinsu ake ƙera shi. Bincike ya nuna cewa kashi mai yawa na kuza ma a cikin irin waɗannan taurari ya samu, suka watsa shi a sarari tun kafin a yi duniyarmu. Ke nan kuzar da kakanninmu suka haƙa a Bukuru, suka wanke a kwano, tana da asali da taurarin da suka mutu tuntuni. Ikon Allah ya wuce haka.

Ranarmu ma haka za ta yi, amma sai bayan shekara wajen miliyan dubu 5, saboda haka kada hankalin kowa ya tashi. Abin da ya kamace mu shi ne mu ƙarfafa wa 'ya'yanmu, maza da mata, gwiwa su riƙe lissafi da kimiyya da kyau, domin da su ne ake karanta wannan littafi da aka buɗe mana a sama.