Murfin Gurbin Filasha: Yana da Amfani?

Malam Sani mai hoto daga Bodinga ya aiko da tambaya. Ya ce yana ɗaukar hotunan biki tsakanin Bodinga da Shagari, shin murfin robar da ake sa wa gurbin filasha a saman kyamara yana da amfani?

To Malam Sani, mun gode. Yana da amfani ƙwarai, musamman a yankinku. Gurbin filasha yana da ƙananan ƙarafa da ke sada kyamara da filasha. Ƙurar hunturu a hanyar Shagari, gumin bazara da yayyafin damina kan kwanta a kansu, su yi tsatsa, sai filasha ta ƙi haske ana tsakiyar biki. Sababbin kyamarorin Canon da Sony sun fi buƙatar murfin, domin ƙarafansu sirara ne sosai, har makirufo ake maƙalawa a wurin.

Idan filasharku kullum tana maƙale, ba sai kun saya ba. In kun cire ta, ku mayar da murfin. Ku zaɓi wanda bai matse da yawa ba, kuma ku share gurbin da busasshen buroshi mai laushi kafin ku rufe.