Kwana Huɗu a Kabari

Karatu: Yohanna 11:1-44

Wataƙila ka yi addu'a, ka yi azumi, dattawan ikkilisiya sun zo sun ɗora hannu, amma wanda kake jinya ya tafi ya bar ka. Masu gaisuwa sun watse, kai kuwa kana tambaya a zuci: ina Yesu yake sa'ad da na kira shi?

Marta da Maryamu sun sha wannan ɗaci. Sun aika wa Yesu cewa ɗan'uwansu Li'azaru ba shi da lafiya, amma ya ƙara kwana biyu a inda yake. Kafin ya iso Betanya, ƙauyen da ke wajen kilomita 3 daga Urushalima, Li'azaru ya kwana 4 a kabari. Marta ta fita ta tarye shi, ta faɗa masa abin da ke cin ranta game da jinkirinsa. Bai tsawata mata ba. Da ya ga Maryamu tana kuka, shi ma ya zub da hawaye, ko da yake ya san abin da zai yi. Saboda haka kada kowa ya ce maka kukanka rashin bangaskiya ne.

Marta ta gaskata za a ta da matattu a ranar ƙarshe, sai dai ranar ta yi mata nisa. Yesu ya nuna mata cewa mai iko da wannan rana yana tsaye a gabanta. Ya kira Li'azaru da sunansa, ya kuwa fito.

Amma ka lura, Li'azaru ya sāke mutuwa daga baya. Begenmu yana kan tashin Yesu kansa, wanda mutuwa ba za ta ƙara taɓa shi ba. A 1 Korintiyawa 15 Bulus ya ce 'yan'uwa fiye da 500 sun gan shi a lokaci guda, ya kuma kira shi nunan fari. Manomi ya san in nunan fari ya shigo gida, sauran girbi yana tafe. Wanda ka binne cikin Almasihu iri ne aka shuka. Romawa 8:11 kuma ta tabbatar maka cewa Ruhun da ya ta da Yesu yana zaune a cikinka yau, cikin ciwon nan da talaucin nan.

Abin yi: a makon nan ka je gidan wani mai makoki, ka zauna da shi, ka bar shi ya yi kukansa, sa'an nan ku yi addu'a tare.

Addu'a: Ya Uba, ka ga hawayena. In amsarka ta yi jinkiri, ka riƙe ni da Ruhunka Mai Tsarki har ranar da za ka kira naka da sunayensu. Cikin sunan Yesu, amin.